GANI YA KORI JI? ƘARAR DA NA KAWO GABAN 'YAN ƘUNGIYA

Cikin karin maganar da muka gada akwai wadda ba a cika yi mata gardama ba, watau "gani ya kori ji". Mai sayen akuya ya yarda da ita, alƙali ya yarda da ita, har malamanmu na Sashen Kimiyya su ma a kanta suka kafa sana'arsu, ko da yake da wani harshe suke faɗinta. To, ni yau ƙarar wannan karin magana na kawo gaban 'yan ƙungiya, malamai da ɗalibai, domin na san wani wuri inda gani ya zo da ƙarfinsa duka, da na'ura mai tsadar gaske, amma ya kasa korar ji. Wurin kuwa shi ne binciken da ake yi a kan wata cuta ta ƙwaƙwalwa da laka wadda likitoci ke kira MS a taƙaice. Ma'anar cikakken sunanta ita ce tabo masu tauri da yawa, saboda haka a nan zan riƙa ce mata ciwon tabon jijiya.

Tilas in fara da gyara kalma, tun da mu 'yan Hausa ne. Mu da kalma ɗaya, jijiya, muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran abin da ke maƙale wa mutum a haƙori in yana cin naman tsohuwar saniya, da ita kuma muke kiran zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa. Wannan ta ukun nake nufi. Kowane zare daga cikin mafi yawan waɗannan zarurruka yana da riga ta kitse da ta naɗe shi, ana ce mata mayalin. Da wannan riga saƙo yakan yi gudun mita 100 a daƙiƙa ɗaya, in kuwa zaren tsirara ne sai ya yi ta jan ciki a kan mita ɗaya ko biyu. Abin da ciwon ke yi shi ne, dakarun jiki waɗanda aikinsu yaƙar ƙwayoyin cuta sai su ruɗe su afka wa rigar nan, su yayyage ta nan da can. In wurin ya lafa sai ya bar tabo. Ka ƙaddara hanyar Kano zuwa Zariya ce damina ta cinye mata kwalta a wuri talatin: mota za ta isa, amma ba a lokacin da aka saba ba, direba kuwa zai sauka a jigace. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fara bayyana ciwon sosai a asibitin Salpêtrière na birnin Faris a 1868. Ƙididdigar da Tarayyar Ƙungiyoyin MS ta Duniya ta fitar a 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke fama da shi, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma yawanci tsakanin shekara 20 da 40 yake kama mutum, watau daidai lokacin karatu da aure da neman abin kai.

Yadda aka yi na san wannan ciwo ba ta hanyar littafi ba ne. Sa'ad da na tafi kwas na shekara guda a Edinbara ta ƙasar Sikotilan, a gidan wata mata na kama ɗaki, malamar lissafi ce a makarantar sakandare, shekarunta arba'in da 'yan kai. Ƙasar tasu tana cikin inda ciwon ya fi yawa a duniya. A tsibiran Okni da ke arewacinta wani bincike da aka buga a 2012 ya sami mutum 402 cikin kowane 100,000. Saboda haka a can ba baƙon abu ba ne, kusan kowa ya san wani mai shi. Ni ina ce mata Malama, ta kuwa ji daɗin sunan da na fassara mata shi. Ita kuma takan ce mini "ɗana", kamar yadda matan ƙasar ke ce wa samari ko ba su haife su ba.

In ka ga Malama a titi ba za ka ce tana da ko ciwon kai ba. Ba ta dogara sanda, ba ta ɗingishi, tana hawa bene da jakar kasuwa a hannu. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka tabbatar mata da ciwon, bayan idonta na hagu ya dushe na 'yan makonni ya dawo. Abin da ke damunta a lokacin da na zauna da ita wani abu ne dabam. In mu biyu ne a teburin cin abinci hira takan yi daɗi, ga ta da barkwanci. Amma da 'yarta da mijin 'yar sun zo, magana ta soma tashi daga baki uku, sai ka ga ta yi tsit tana murmushi, can bayan an wuce wani zance da nisa sai ta ba da amsarsa. Wata rana da dare, tana gyaran takardun yara, ta ajiye alƙalami ta ce mini, "Ɗana, ba abin da na manta na lissafi. Ka tambaye ni kome, zan ba ka amsa. Amma yaro zai ɗaga hannu ya yi tambaya, kafin tambayar ta gama shiga kaina wani ya yi tasa, na uku yana jifan na huɗu da takarda. Da can duk ina riƙe su a lokaci guda kamar mai talla da faranti a ka. Yanzu ɗaya bayan ɗaya suke shigowa, ƙofar ta ƙuntata." Takardun da take gyarawa cikin awa biyu yanzu sai sun ci mata awa biyar. A wurin aiki kuwa an fara raɗe-raɗin ko ta gaji da koyarwa ne, ko kuwa sakaci ne ya shige ta. Wanda ya fi kowa tausaya mata shi ne mai cewa ta tafi hutu ta sha iska.

Abin mamaki, Charcot kansa ya lura da wannan tun a laccocinsa na shekarun 1870, ya ce masu ciwon tunawarsu takan raunana, tunani kuma yakan haɗu musu a hankali. Amma sai aka yi kusan shekara ɗari likitoci suna kallon ƙafafu. Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen auna tsananin ciwon, wanda John Kurtzke ya tsara a 1983, daga 0 yake zuwa 10, kuma rabinsa na sama kusan duk a kan tafiya ya dogara: wanda ya kai 6 shi ne mai bukatar sanda kafin ya yi mita 100, wanda ya kai 7 keken guragu ya kama shi. A bisa wannan ma'auni Malama tana can ƙasa, cikin waɗanda ake ce wa ciwonsu da sauƙi. Sai a 1991 Stephen Rao ya gwada masu ciwon su 100 da masu lafiya 100 a birnin Milwoki na Amurka, ya sami kashi 43 cikin ɗari na masu ciwon da rauni a aikin tunani. Ya kuma nuna waɗannan su ne suka fi rasa aikin yi, suka fi janyewa daga jama'a, ko da ƙafafunsu daidai suke da na sauran. Binciken da ya biyo baya yakan sa adadin tsakanin kashi 40 da 65. Abin da ya fi taɓuwa kuwa shi ne saurin sarrafa abin da ya shigo kai, sa'an nan koyon sabon abu. Harshe da tsohon ilimi galibi suna nan daram, abin da ya sa mutum zai zauna da mai ciwon ya yi hira ya tashi yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau.

Yanzu bari in zo kan gani. Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, tabon nan ba a ganinsa sosai sai in mutum ya mutu an buɗe kansa. Likita sai dai ya saurari labari, ya buga gwiwa da ɗan guduma, ya jira ciwon ya sake tashi a wani wuri, wani lokaci shekaru. A 1981 Ian Young da abokan aikinsa a asibitin Hammersmith na Landan suka sa masu ciwon su 10 cikin sabuwar na'urar hoton maganaɗisu, wadda yanzu kowa ya sani da MRI. Tsohuwar na'urar CT ta nuna tabo 19 a kawunan mutanen nan. Sabuwar ta nuna waɗannan 19 ɗin duka, ta ƙaro wasu 112. Ina ganin duk wanda ya tsaya gaban waɗannan hotuna a ranar, da ya san Hausa, da karin maganarmu zai faɗa.

Yadda na'urar ke aiki ba shi da wuyar fahimta ƙwarai. Jikin mutum yawancinsa ruwa ne, cikin ruwa kuwa akwai ƙwayoyin haidurojin, kowace kamar 'yar mitsitsiyar allurar kamfas. In aka tura mutum cikin bututun maganaɗisu mai ƙarfin da ya ninka na ƙasa wajen sau 30,000, sai alluran nan su daidaita. Sai a buga musu igiyar rediyo su karkace, a sake su su koma, suna komawa suna fitar da amo, kwamfuta ta mai da amon ya zama hoto. Inda rigar kitse ta zube ruwa ya yi yawa, sai wurin ya fito fari fat kamar ɗigon alli. In an yi wa mutum allurar wani sinadari, gadoliniyam, tabon da ke ci a lokacin sai ya haskaka dabam da tsofaffin. Da aka riƙa ɗaukar hoton masu ciwon wata-wata sai aka tarar sababbin tabo suna fitowa sau biyar zuwa goma fiye da yawan tashin ciwon da mutum ke ji a jikinsa. Ashe wutar ƙaiƙayi ce. Wannan gani ya yi amfani wanda ba mai musunsa. Da shi aka taimaka wajen tabbatar da maganin farko da ke rage tashin ciwon, intaferon, wanda Amurka ta amince da shi a 1993. Da shi kwamitin Ian McDonald ya tsara ƙa'idojin gane ciwon a 2001, aka yi musu gyara a 2005 da 2010 da 2017 da kuma 2024, har ya zama mutum na iya sanin abin da ke damunsa tun daga tashin farko, ya fara magani da wuri.

To, ina ƙarar take? Ga ta. Malama tana zuwa hoto shekara-shekara. A shekarar da nake gidanta ta dawo da takardar sakamako ta ajiye a kan tebur. Jimla ɗaya ce ta ja wa layi da jan biro irin na gyaran takardun yara: babu sabon tabo, ciwo bai motsa ba. Ta ce, "Ga shi nan, ɗana, na'ura ta ce lafiyata lau. To, wa zan kai wa ƙara?" Labari ne mai daɗi, ta san haka, ta kuma yi godiya. Amma takardar ta zama mata kamar shaidar da aka kira don ta taimake ka ta zo ta tsaya wa abokin shari'arka. In hoto bai canja ba, to me ya sa aikin awa biyu ya koma biyar?

Masana sun daɗe da sanin wannan cikas. Frederik Barkhof na Amsterdam ya yi rubutu a kansa a 2002, ya kira shi saɓanin hoto da majinyaci. Za ka ga mutum kansa cike da ɗigon alli yana tuƙa mota yana tafiyar da ofis, ka ga wani da 'yan ɗigo ƙalilan ya kasa bin lissafin canji a kanti. Yawan tabo yana da alaƙa da raunin tunani, amma alaƙar tsaka-tsaki ce. Dalilan kuwa da dama aka gano, kuma a ganina nan ne binciken ya fi armashi.

Na ɗaya, ba riga kaɗai ciwon ke ci ba. A 1998 Bruce Trapp ya duba ƙwaƙwalwar mamata da madubin likita ya tarar zarurrukan da kansu a tsinke, dubbai a cikin ɗan wurin da bai fi ƙwayar gero ba. Riga takan ɗan sake tofowa, zaren da ya tsinke kuwa ya tafi ke nan, kuma in ya tsinke a wuri ɗaya yakan bushe har can nesa, a inda hoto ke nuna kome lafiya. Sakamakon haka ƙwaƙwalwa takan motse a hankali. Ta mai lafiya tana raguwa da kamar kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin ɗari a shekara, ta mai ciwon da ba ya samun magani kuwa kashi 0.5 zuwa 1. Ido ba ya kama wannan in ya kwatanta hoton bara da na bana, sai kwamfuta ta auna. Kuma motsewar ba daidai take a ko'ina ba. Can tsakiyar kai akwai wasu curi biyu, kowane bai kai ƙwan kaza ba, ana ce musu talamas. Su ne mararrabar hanyoyi, kusan duk saƙon da zai hau sama daga ido da kunne da fata sai ya bi ta nan, sassan ƙwaƙwalwa ma sukan yi magana da juna ta nan. A wani bincike da Maria Houtchens da abokan aikinta suka buga a 2007 an sami talamas na masu ciwon ya gaza na masu lafiya da kusan kashi 17 cikin ɗari, kuma girmansa ya fi yawan tabo nuna wanda tunaninsa ya yi nauyi. Duk ɗan kasuwa ya san wannan: rami goma a ƙauyen da ba kowa ke bi ba bai kai gada ɗaya da ta karye a mararraba ɓarna ba. Ƙofar da Malama ta ce ta ƙuntata, mai yiwuwa da wannan wuri take, ko da yake ita da bakin malamar makaranta ta faɗa.

Har ila yau akwai tabon da ke ɓawon ƙwaƙwalwa, watau shimfiɗar nan mai ruwan toka inda ainihin ƙwayoyin tunani suke. Yawancinsu na'urar asibiti ta yau da kullum ba ta ganinsu sam, sai dai wasu su bayyana a manyan na'urorin bincike masu ƙarfin tesla 7, alhali na asibiti 1.5 ne ko 3. Ke nan hoton da aka ba Malama gaskiya ya faɗa, iyakar abin da aka tambaye shi ke nan.

Akwai kuma wani irin hoto wanda ya fi burge ni, shi ne mai nuna ƙwaƙwalwa tana cikin aiki. Asalinsa binciken Seiji Ogawa ne na 1990, wanda ya nuna jini mai ɗauke da iskar numfashi da wanda ya sauke ta ba iri ɗaya suke amsa maganaɗisu ba. Saboda haka inda aiki ya yi yawa jini ya kwararo, na'ura za ta gane. A farkon shekarun 2000 masu bincike a Ostiriya da Faransa da Italiya suka sa masu ciwon, waɗanda bai daɗe da kama su ba, cikin na'urar suna yin wata jarrabawar lissafi. Ana faɗa maka lamba kowace daƙiƙa uku, kai kuma ka tara ta da wadda ta gabace ta: in an ce 4, aka ce 7, ka ce 11, in an ce 2, ka watsar da 11 ɗin nan taka, ka ce 9. Haka har sau sittin. Majinyata sun tsani wannan jarrabawa, ni ma da na gwada ban ga laifinsu ba. Abin da aka gani shi ne, masu ciwon da suka ci maki daidai da masu lafiya sun kunna wurare da yawa a ƙwaƙwalwarsu fiye da masu lafiyar, har da ɗaya ɓarin kan wanda a da ba ruwansa da aikin. Gonar da mutum biyar ke nomewa ce aka yi mata gayya ta mutum goma sha biyar. Aiki ya kammala, mai wucewa ya ga kunya a miƙe ya yaba, amma mai gona shi ya san tuwon da ya ciyar. Masana har yanzu suna gardama a kan ko wannan gayya taimako ce tsantsa ko kuwa ita ma alamar lalacewa ce, amma ni tun da na karanta wannan na fahimci dalilin da ya sa Malama ke faɗuwa kan kujera da ƙarfe huɗu na yamma kamar wadda ta yi dakan gero, alhali a tsaye kawai ta yini gaban allo.

Kada mai karatu ya zaci ina so in juya karin maganar ne in ce ji ya kori gani. Shi ma ji yana da nasa ha'incin. Ralph Benedict na Bafalo ya tsara wasu tambayoyi a 2003 waɗanda ake ba majinyaci ya amsa, a kuma ba wani na kusa da shi ya amsa a kansa. Sai aka ga kukan da majinyaci ke yi da tunaninsa ya fi bin yanayin zuciyarsa: mai baƙin ciki yakan ce kansa ya lalace ko da jarrabawa ta nuna ba haka ba, wanda kuwa kansa ya taɓu sosai wani lokaci bai ma sani ba. Amsar miji ko mata ko 'ya ita ta fi dacewa da sakamakon jarrabawa. Ciwon baƙin ciki kuwa yana kama kusan rabin masu wannan cuta a wani lokaci na rayuwarsu. Saboda haka likitan kirki shaidu uku yake kira, hoto da baki da jarrabawa.

Jarrabawar da ta fi karɓuwa yanzu, abin dariya, takarda ɗaya ce. Aaron Smith ya fitar da ita a 1973. A saman takardar akwai alamomi tara, kowace da lambarta daga 1 zuwa 9. A ƙasa kuma layuka ne na alamomin a hargitse, kai kuwa ka yi ta faɗin lambar kowace da sauri har daƙiƙa 90 su cika. Ba ta bukatar ilimi mai zurfi, ba ta bukatar lantarki, amma ta fi sauran jarrabawa kama nauyin tunanin da ciwon ke kawowa, makinta kuma yana tafiya tare da motsewar talamas. A 2012 wani kwamiti ƙarƙashin Dawn Langdon ya haɗa ta da wasu biyu, ta tuna jerin kalmomi da ta tuna zane, ya zama gwajin minti 15 da ake kira BICAMS, wanda ma'aikacin jinya ma zai iya yi. Irin wannan gwaji aka yi wa Malama daga bisani, da 'yarta ta matsa. Makinta ya faɗo ƙasa da na sa'o'inta masu irin iliminta. Ban taɓa ganin wanda ya faɗi jarrabawa ya dawo gida da fara'a irin tata ba. Da wannan takarda aka rage mata azuzuwa, aka mai da darussanta masu nauyi zuwa safe, aka ba ta 'yan aji shida waɗanda ba su da yawa kuma ba sa jifa da takarda. Ta ci gaba da koyarwa.

Saura abu biyu da suka shafe mu kai tsaye, mu masu sha'anin harshe da adabi. Na farko, James Sumowski da abokan aikinsa a Cibiyar Kessler ta jihar Niyu Jazi sun nuna, a wajen 2009 da 2010, cewa in ka ɗauki mutum biyu masu motsewar ƙwaƙwalwa iri ɗaya, wanda ya tara kalmomi da yawa, ya saba da karatu da rubutu da sauran aikin kai, shi ya fi jure ɓarnar kafin ta bayyana. Suna kiran wannan rumbun tunani. Ba ya hana fari zuwa, kuma in farin ya daɗe rumbu yakan ƙare. Karatu ba magani ba ne, kada wani ya je ya ce na ce. Amma yana cikin dalilan saɓanin nan na Barkhof. Na biyu kuwa ya fi daɗi. Tun a 1994 John DeLuca ya nuna matsalar mantuwar masu ciwon galibi a wajen shigar da abu take. In an ba su damar maimaitawa har abin ya zauna, sukan tuna shi daga baya kusan kamar kowa. A kan wannan Nancy Chiaravalloti ta gwada wata dabara a kan mutum 86, ta buga sakamakon a 2013: zama goma cikin mako biyar, ana koya wa mutum ya mai da abin da yake son tunawa ya zama hoto a zuci, sa'an nan ya saƙa hotunan cikin labari. Waɗanda aka koya wa sun fi sauran riƙe sabon abu, amfanin ya kai wata shida, kuma a wani ƙaramin gwaji hoton aiki ya nuna ƙwaƙwalwarsu ta canja yadda take kama kalmomi. Da na ba Malama labarin yadda kakanninmu mata ke cusa wa yaro sunayen dabbobi da hatsi da dangi ta bakin Gizo da Ƙoƙi, sai ta ce to ai sun riga Niyu Jazi.

A da ana koyar da cewa wannan ciwon Turawan ƙasashen sanyi ne, baƙar fata bai cika samunsa ba. Gaskiya ne ya fi yawa nesa da tsakiyar duniya, kuma ana danganta haka da ƙarancin rana da bitamin D, tare da shan taba da wata ƙwayar cuta, Epstein-Barr, wadda binciken da aka yi a kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya nuna a 2022 cewa kamuwa da ita na ninka haɗarin sau 32. Amma a 2013 Annette Langer-Gould ta ƙirga sababbin masu ciwon a kudancin Kalifoniya ta tarar baƙaƙen fata sun fi farare, 10.2 a kan 6.9 cikin kowane 100,000 a shekara. Baƙin Amurka ba mu ba ne, iskarsu dabam, abincinsu dabam, jininsu ma ya gauraya. Duk da haka abin ya isa ya sa mu yi tambaya. A inda na'urar hoto sai manyan birane, kuɗinta kuma ya fi albashin wata na mutane da yawa, budurwar da idonta ya dushe ya dawo, bayan shekara biyu ƙafarta ta yi sanyi ta warware, sa'an nan ta soma faɗuwa jarrabawar da take ci a da, me za a ce da ita? Mun san amsar: iska, ko sammu, ko kuwa soyayya ce ta ɗauke mata hankali. Ga kuma zafin bazara, alhali tun 1890 Wilhelm Uhthoff ya lura motsa jiki yana tsananta alamun ciwon na ɗan lokaci, daga baya aka gane ɗumin jiki ne dalili.

Sayen na'ura ba aikin ƙungiyarmu ba ne. Amma gwajin minti 15 ɗin nan an mai da shi Larabci da Farisanci da Italiyanci da wasu harsuna da dama, kuma ko'ina sai da masana harshe suka zauna da likitoci, domin jerin kalmomin ba a fassara shi kai tsaye. Kalmomi 16 ne daga gida huɗu, alal misali kayan lambu da dabbobi da kayan ɗaki da abin hawa. Tilas kowace kalma ta zama sananniya, amma kada ta zama ta farko da za ta faɗo a baki, don kada mai gwaji ya ci da canke. In ka ce dabbobi, akuya da saniya sun fita ke nan. Sai a duba tsakanin barewa da alfadari da bushiya wacce Bakano da Basakkwace da Badamagare duk suka sani da suna ɗaya. Tilas a duba tsawon kalma, domin mai gaɓa huɗu ta fi mai gaɓa biyu nauyin riƙewa. Tilas a guji irin su gora da fari, waɗanda karin sauti ko tsawon wasali ke raba ma'anarsu, tun da kowane ma'aikacin jinya da irin lafazinsa. Bayan an gama wannan sai a gwada jerin a kan ɗaruruwan masu lafiya, matasa da dattawa, 'yan boko da 'yan allo da waɗanda ba su yi ko ɗaya ba, a san makin da ya kamata a sa rai daga kowane rukuni. Sashen Hausa yana da masu nazarin karin harshe, Sashen Lissafi yana da masu ƙididdiga, asibitin koyarwa yana da likitocin jijiya, ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai kuwa ga su nan kowace shekara suna layi a ƙofar ofishin shugaban sashe.